Gwiwar da Ta Riga Ni Sauka

Ku da kuke ta cika min waya da "Shadia, yaushe ne bikin?" da "Shadia, wane launi za mu ɗinka?", ku ajiye zancen ɗinki tukuna. Yau ba labari mai daɗi na kawo muku ba. Laifi na yi, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne ba da baki na yi shi ba, balle in ce suɓutar harshe ce. Da gwiwoyina na yi shi, a gaban mutum kusan arba'in.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Shadia Nalubega, ina shekara ta uku a jami'a a nan Kampala. Bara aka ɗauke ni cikin wani shiri na horar da ɗalibai su zama masu tsaya wa mutanen da aka danne. Mu ɗari takwas muka nema, ashirin aka ɗauka. Ranar da sunana ya fito, Ssenga Namatovu, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni tun ina aji huɗu, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ita a zatonta aikin ofis ne mai kujerar juyi da na'urar sanyi. Ni ma, in faɗa muku gaskiya, abin da na hango ke nan.

Shekarar farko a aji muka yi ta, kowace Asabar. An koya mana dokar filaye, da yadda ake ɗaukar bayanin mutum ba tare da ka cusa masa magana a baki ba, da yadda ake tsayuwa gaban kwamiti murya ba ta rawa. A shekara ta biyu kowa aka ba shi mutum ɗaya, ya raka shi har ƙarshen matsalarsa. Mai kula da mu Madam Akello ce, doguwar mace 'yar garin Lira da ke arewacin ƙasar, kai a aske, ba ta dariya sai abin ya cancanta. Ranar rabon aiki ta ce mana:

"Ku ba alƙalai ba ne, ba kuma masu ceto ba. 'Yan rakiya ne ku. In kun isa wuri, wanda kuka zo dominsa za ku fara gaisarwa, ko wane ne a zaune a wurin. A tabarmarsa za ku zauna. Mutanen ƙauye ba sa karanta katin da ke wuyanku, inda ƙafarku ta nufa suke kallo."

Na rubuta wannan da jan biro, har layi biyu na ja a ƙasansa. Ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Wadda aka ba ni ita ce Maama Nankya, tsohuwa mai shekara sittin da ɗaya a ƙauyen Nakaseeta. Mijinta ya rasu bara, 'ya'yansu uku duk mata ne, suna gidajen aurensu. Da aka yi taron ƙarshe na makoki, ƙanin mijin, Mzee Bukenya, shi aka yafa wa mayafin ɓawon itace aka ce shi ne magaji. Kowa ya san magaji riƙon gida ake ba shi, ya zama inuwar waɗanda aka bari. Shi kuwa ya ɗauka kyauta aka yi masa. Ya samo mai sayen gonar ayabar da ke bayan ɗakinta, ya ce ita ta tattara ta koma wurin ɗaya daga cikin 'ya'yanta.

Kafin in fara zuwa aka ba ni takarda in cika. Akwai tambaya a ciki: shin kina da dangantaka da wani cikin masu rigimar? Ina ganin sunan Bukenya na san ɗan dangin Ngabi ne kamar ni, don a wurinmu suna kaɗai ya isa ya nuna danginka. Amma 'yan Ngabi a ƙasar nan ai ba su ƙirguwa. In duk wani Bukenya ubana ne, to ko tumatir ba zan saya a kasuwa ba sai na durƙusa sau biyar. Ban taɓa ganin mutumin ba, ban san daga ina ya fito ba. Na rubuta "a'a" da zuciya ɗaya.

Zuwana na farko Maama Nankya ko kallon takarduna ba ta yi ba. Wuƙa ta miƙo min da tulin matooke, ɗanyar ayabar da muke dafawa.

"Ke 'yar makaranta, kin iya fira kuwa, ko biro kaɗai hannun ya sani?"

Na zage ina fira. Ta ɗan leƙo kwandon ɓawon ta girgiza kai.

"Rabin ayabar kike zubarwa. Wanda zai aure ki ya shirya zama da yunwa."

Sai a zuwa na uku, bayan mun sha shayi mai citta da dafaffen rogo, ta rage murya ta gaya min sirrinta. Marigayin ya bar rubutu da hannunsa cikin wani littafin 'yan makaranta, cewa gida da gona nata ne har ranar da za ta bi shi, kuma mutum biyu sun sa hannu. Ita ba ta iya karatu ba. Ba ta nuna wa kowa ba, don tana tsoron ranar da littafin ya bar hannunta ya tafi ke nan.

"Ranar zaman kwamiti zan ba ki," ta ce. "Ke za ki karanta shi da ƙarfi, kowa ya ji. Na ga ba ki da haɗama, ɓarna ce kawai da ke."

Na koma Kampala ranar ina jin kaina a sama.

Yanzu bari in shigo da wanda kuke ta tambaya. Twaha Kawooya malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kawempe. Ba shi da mota, ba shi da surutu, kuma da koren biro yake duba takardun yara, wai ja yana karya musu zuciya. Wata guda da ya wuce ya zo gidan Ssenga a Nateete shi da abokansa biyu, cikin farar kanzu, doguwar rigar maza, da kwat a samanta, gumi na tsiyayo masa har wuya. Ni kuma na sha koriyar gomesi, doguwar rigar gargajiyarmu, mai ɗamarar ruwan zinare, kafaɗunta a tsaye cak, na durƙusa na ajiye musu kazar da aka turara cikin ganyen ayaba. Da za su tafi ya miƙa wa Ssenga wasiƙar neman aurena, wadda ya rubuta wa mahaifina. Sau huɗu ya sake rubuta ta, shi ya gaya min.

Kun san dai 'ya ba ta buɗe baki ta ce wa ubanta ta samu miji. Ssenga, wato gwaggonta, ita ce bakinta. Ita ke kai wasiƙa, ita ke dawo da amsa, ita ke riƙo hannun mutum ranar gabatarwa ta ce wa dangi ga shi nan. In babu Ssenga babu aure, sai dai irin zaman da iyaye ke sunkuyar da kai in an ambace shi. Ssenga ta soke wasiƙar a ɗamararta ta ce ƙarshen wata za ta kai wa Baba a Kibibi.

To, Asabar ɗin da ta wuce aka yi zaman kwamitin ƙauye. An kwana ana ruwa, ni da ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga bakin titi sau biyu muna zamewa, na isa a makare. Na tarar an cika ƙarƙashin mangwaron gidan shugaban kwamiti, maza a kan benci, mata a tabarmi. Can gefe na hango Maama Nankya ita kaɗai a tabarmarta, ta shimfiɗa wani tsaftataccen zane kusa da ita. Wurina ne ta tanada.

Hanyar zuwa wurinta ta gaban bencin maza ta bi. Ina cikin wucewa wani dattijo mai farin gemu ya ɗaga sandarsa. Wallahi har zaman hularsa irin na Baba ne.

"Wannan 'yar fa? Wa ke da suna?"

"Nalubega," na ce.

"Nalubega! 'Yar wa? Jikar wa? A ina aka binne kakanki?"

Na faɗa masa, don tun muna yara ake sa mu haddace amsar nan. Sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Jikar Lubega na tudun Kibibi! Ashe 'yata ce. Kakana da kakan ubanki ciki ɗaya suka fito. Ni na riƙe kan makara ranar da aka kai kakanki."

Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Kafin in ankara gwiwoyina biyu suna ƙasa, hannuwana a haɗe, bakina yana cewa, "Ina kwana, Baba." Shekara ashirin da biyu ana koya wa jikin nan abu ɗaya, jan biro na wata takwas bai isa ya hana shi ba.

Ya ɗora tafinsa a kaina, ya juya ga jama'a yana murmushi.

"Kun gani ko? Har waɗanda aka turo daga Kampala su yaƙe ni sun san ubansu."

Aka kwashe da dariya. Sai a lokacin na gane gaban wa na durƙusa. Na waiwaya, na ga Maama Nankya tana ninke zanen nan a hankali, ta ɗaga cinyarta ta tura shi ƙarƙashi. Ba ta kalle ni ba. Da shugaban kwamiti ya tambaye ta ko tana da wata shaida, ta ce, "Ba ni da komai." Ya ce an ba ta mako guda, in Asabar ta zagayo babu abin nunawa, magaji ya yi abin da ya ga ya dace. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba tunda aka haife ni.

Ran Litinin na dawo daga makaranta na tarar rediyon Ssenga a kashe. Duk wanda ya zauna gidan nan ya san ma'anar hakan. Tana zaune a baranda tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Lauya ta dawo."

"Sannu da gida, Ssenga."

"Gidan ai naki ne, ranki ya daɗe. Bukenya ya kira ni. Ya ce yarinya ce mai ladabi, sai dai an ba ta wuƙa an nuna mata wuyan ubanta."

"Ssenga, ban san shi ba fa. Kuma gonar ba tasa ba ce, doka ta ce..."

"Doka ce za ta kai wasiƙarki Kibibi? Doka ce za ta zauna a rumfa ranar gabatarwa? Ke ba ki san shi ba, ni na san shi. Shi zai zauna a kujerar iyaye ranar, kusa da ubanki."

Ta ture faifan waken, sai muryarta ta sauka, kuma wannan ya fi faɗan zafi.

"Ke kina ganin ban san abin da matar nan take ji ba? Ni ma da mijina ya mutu, da akwati ɗaya aka fito da ni. Ban kai kowa ƙara ba. Dangin nan da kike shirin tozartawa su suka tare ni, su suka ba ni ɗakin nan da kika girma a ciki. Gobe in naki ya juya miki baya, wa zai tare ki? Madam mai askin maza?"

"To ita Maama Nankya wa zai tare ta?"

"Tana da nata dangin. Ke ki riƙe naki." Ta dafa ɗamararta inda wasiƙar take. "Ki janye ƙafarki daga Nakaseeta, ƙarshen wata in kai wannan. In kin koma, ki nemo wata Ssengar."

Na shiga ɗaki na zauna bakin gado da jakata a kafaɗa, na kai rabin awa ban sauke ta ba. Ku da kuke shirin zaginta a sharhi, kar ku soma. Matar nan ita ta sayar da keken ɗinkinta shekarar da aka kore ni saboda kuɗin makaranta.

Washegari da rana, lokacin hutun ɗalibansa, na tura wa Twaha komai. Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Da ƙyar saƙon ya fito.

"Kin ci abinci?"

"Twaha, don Allah."

"To. Matar tana da gaskiya?"

"Tana da ita."

"In kin janye wa zai karanta mata?"

"Ban sani ba. Ni kaɗai ta gaya wa akwai littafin. Kai ma kar ka faɗa wa kowa."

Minti shida yana rubutu yana gogewa. Ina kallon agogon wayar.

"Shadia, ba zan ce ki bari ba, in na faɗa ba zan iya kallon yarana in ce musu su faɗi gaskiya ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Mahaifiyata ba za ta taka gidan da Ssenga ba ta buɗe mata ƙofa ba. Ni kuma ba zan ɗauke ki ta taga ba, kin fi ƙarfin haka."

"To me kake so in yi?"

"Ina so in aure ki. Wannan kaɗai na sani yau."

Na kifa wayar a kan littafina a tsakiyar ɗakin karatu, na yi kukan da ba sauti. Na so ya ce in bari, in samu wanda zan ɗora wa laifi. Na so ya ce in je, ko me zai faru yana nan. Bai ba ni ko ɗaya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ran Laraba na je ofishin Madam Akello na zayyane mata komai, har durƙuson. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona.

"Takardar da kika cika ba ƙarya kika yi ba, a lokacin. Yanzu kuwa ta zama ba daidai ba. Ɗauko wata ki gyara."

Na gyara na miƙa mata.

"Ƙa'ida ta ba ki dama ki sauka," ta ce. "Ba wanda zai rage miki maki, ba wanda zai sa miki baki. Zan tura abokin karatunki Opio. Yaren garin bai zauna masa ba, kuma tsohuwar ba ta san shi ba, amma zai je."

"Ba za ta ba shi littafin ba, Madam. Ni ma sai da na fere ayaba sau uku."

"Na sani. Shi ya sa ban ce ki sauka ba, na ce kina iyawa. In kuma za ki ci gaba, ba ni ke da izinin ba. Ita ke da shi. Ki je ki gaya mata ke wace ce a wurin mutumin nan, kar ki rage komai. In ta ce ba ta son ki, kin gama."

Na miƙe zan fita, ta ce, "Nalubega. Ba durƙuson ne laifinki ba. Ni ma ina durƙusa wa surukata. Wanda kika fara yi wa, shi ne maganar."

Kun ga ƙofa a buɗe, ko? Ba zunubi, ba hukunci, ga aurena a ɗamarar Ssenga yana jira. Na rantse muku na tsaya a matakalar ofishin nan na rubuta "Madam, a tura Opio" har ƙarshe. Yatsana na kan turawa sai na tuna yadda ta ninke zanen nan. Ba fushi a fuskarta, ba mamaki. Kamar dama ta san haka za ta faru, ta dai gwada ne.

Ran Alhamis na tsallake darasi na tafi Nakaseeta. Na same ta a cikin gonar tana datse busassun ganye. A jikin itatuwan ayaba na ƙasan gonar an riga an shafa jan fenti, alamar inda mai saye zai ja iyakarsa. Na tsaya na gaya mata duka: dangantakar, da Ssenga, da wasiƙar. Ba ta daina aikinta ba.

"Ashe aure za ki yi. Allah ya sanya alheri. Yana da haƙuri dai ko? Don na ga firarki."

"Maama, ki yafe min. Jikina ne ya riga ni."

"Ai shi na gani. Baki kowa na da shi, 'yar nan. Bukenya ma da yayansa ke kwance ba abin da bai faɗa ba." Ta sare wani ganye ta jefar. "In na ba ki littafin, ya ce miki 'kawo nan, 'yata', hannun ma ba zai riga ki ba?"

Gaskiya ta faɗa.

"In zo ran Asabar?"

"Hanya ba tawa ba ce, ba na hana kowa zuwa. Littafi dai yana inda yake."

Yau Asabar. Tun da asuba na ji Ssenga tana shiri, ta fita ba ko sallama. Na buɗe akwati zan ɗauko rigar shirinmu mai tambari a ƙirji, sai idona ya faɗa kan koriyar gomesin nan, a ninke cikin leda tun ranar da Twaha ya zo. Ita na saka. Na ɗaura ɗamarar ruwan zinaren, na yafa mayafi, na rataya katin shirinmu a kai. A motar haya wata mata ta tambaye ni bikin wa za ni. Na ce mata ban sani ba tukuna.

Mutanen yau sun ninka na wancan makon. Ga Mzee Bukenya a tsakiyar benci, ga wani mai kwat da takalmi mai sheƙi a gefensa, mai sayen ke nan. A tabarmar da ke dab da ƙafafunsu kuwa, cikin gomesi mai ruwan ƙasa, Ssengata ce a zaune. Ashe nan ta yo sammako. Maama Nankya na can inda take, ita kaɗai, ba zane a gefenta.

Mzee Bukenya na ganin shigata ya washe baki ya miƙo hannu tun daga nesa.

"Ga 'yata ta yi shigar mutunci! Zo nan, zo ki gaida iyayenki."

Zan yi muku ƙarya in na ce gwiwoyina ba su yi yunƙurin sauka ba. Sun yi. Na ji su suna neman ƙasa kamar yadda suka saba. Na kafa idona kan tabarmar can, na wuce hannunsa a miƙe. Na wuce shugaban kwamiti. Na wuce Ssenga, har gefen rigata ya shafi kafaɗarta. Wurin ya yi tsit, sai kukan wata akuya a bayan gida.

A gaban Maama Nankya akwai laka, ragowar ruwan jiya. A cikinta na sauke gwiwoyina biyu. Na haɗa hannu na sunkuyar da kai, na yi mata doguwar gaisuwa irin wadda ake yi wa uwa, ban tsallake ko ɗaya ba.

"Ina kwana, Maama."

Na ci gaba.

"An tashi lafiya, Maama? Ya mutanen gida? Ya gona? Sannu da ɗawainiya, Maama. Sannu da haƙuri."

Na ji wata a baya ta ce, "Kai, ta kashe rigar nan." Ban motsa ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, sai na ji an ce a hankali, "Lafiya lau, 'yata. Sannu da hanya." Ta matsa gefe. Na hau tabarmarta na zauna, daga nan na juyo na ce, "Iyayena, ina gaishe ku duka." Mzee Bukenya ya mai da hannunsa kan sandarsa, bai amsa ba.

Shugaban kwamiti ya yi gyaran murya ya tambaya ko akwai shaida. Maama Nankya ta sa hannu cikin ɗamararta, ta zaro wani abu a naɗe cikin leda uku. Ta warware su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora min littafin a cinya.

"Kawo nan in gani, 'yata," in ji Mzee Bukenya.

Na miƙe tsaye da littafin a ƙirjina. "Baba, zan karanta kowa ya ji, sannan in miƙa wa shugaba."

Na karanta. Layi tara ne kacal, rubutun mutumin da hannunsa ya fara rawa. Muryata ma ta yi rawa a layin farko, duk horon da aka yi mana. Da na kai sunayen shaidu, wani tsoho a ƙarshen benci ya ɗaga hannu ya ce, "Ni ne na biyun. Ina wurin aka rubuta. Ba wanda ya tambaye ni ne." Aka yi ta hayaniya. A ƙarshe shugaban ya ce ba sayarwa, ba sare ko ganye ɗaya, za a ɗauki hoton takardar a tura maganar gaba, littafi kuma ya koma hannun mai shi. Mai kwat ya duba agogonsa ya nufi motarsa.

Ban samu damar yin murna ba. Ina zaune jama'a na watsewa sai na ga ƙafafun da na sani sun tsaya a bakin tabarma. Na ɗago. Idanun Ssenga sun kaɗa sun yi ja, kuma na san ba fushi ne kaɗai ba.

"Kin iya karatu," ta ce. "Ban yi asarar keken ɗinkina ba."

"Ssenga..."

Ta sa hannu a ɗamararta ta zaro farin ambulan. Ba ta miƙa min a hannu ba. A gefen tabarmar ta ajiye shi, kusurwarsa ɗaya ta taɓa laka.

"Ga kayanki. Na riƙe miki wata guda, ban bar ko ƙura ta hau shi ba."

Ta juya ta bi bayan Mzee Bukenya. Tana tafiya tana ɗingisa ƙafarta ta hagu da ke mata ciwo in an yi ruwa, ni ce kuma mai shafa mata magani kullum.

Maama Nankya ta ɗauko ambulan ta goge kusurwar da bakin zanenta. Ta juya shi sama da ƙasa, ta kalli koren rubutun da ke bayansa.

"Wannan fa, me aka rubuta?"

"Sunan babana ne, Maama."

Ta gane. Sai ta sunkuya tana kankare min lakar gwiwa da farcenta, tana cewa in jiƙa rigar da ruwan sanyi kafin in sa sabulu.

Yanzu haka ina kujerar baya a motar da za ta mai da ni Kampala, rana ba ta faɗi ba tukuna, a nan nake rubuta muku wannan. Ban san ko ƙofar gidan Nateete za ta buɗe min ba. Wasiƙar na kan cinyata a rufe yadda Twaha ya liƙe ta, ba ni aka rubuta wa ba balle in buɗe, kuma ba ni da ikon kai ta inda aka aike ta. Saƙon Twaha ya shigo tun ƙarfe biyu: "Yaya aka ƙare? Ta samu gonarta?" Na rubuta masa "Ta samu." Ya turo, "Alhamdulillah. Mu fa?"

Ga shi yana kira, karo na uku ke nan. Sunansa na haske a wayar da ke kan ambulan ɗin, ni kuma har yanzu ban ɗauka ba.